FAƊUWA UKU: HUKUNCIN WANDA YA JEFAR DA KANSA ƘASA DON ALƘALI YA GANI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu abin da ke ɓoyuwa gare Shi na zahiri ko na baɗini. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), mai gaskiya abin gaskatawa, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mai yiwuwa wani ya ga kan wannan rubutu ya ce: me ya haɗa liman da zancen ƙwallo? Ga abin da ya haɗa mu.

Wata rana bayan La'asar na tsaya a bakin filin da samarin unguwarmu ke buga ƙwallo. Wani yaro ya taho da ƙwallo a guje, ya kusanci raga, mai tsare shi ya miƙa ƙafa bai same shi ba, amma sai yaron ya zube yana birgima, yana riƙe da ƙwauri, yana ihu kamar wanda kunama ta harba. Alƙalin wasa ya busa usur, ya ba shi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nan take ya miƙe garau, ya buga, ya ci, abokansa suka ɗaga shi sama. Da aka kira Magariba sai ga shi a sahun farko, shi da wanda ya yi wa ƙage, kafaɗa da kafaɗa. Bayan sallah wani ɗalibi mai buga ƙwallon kwando a makarantarsu ya tambaye ni, ya ce: "Malam, mu ma a wasanmu ana faɗuwa ƙwarai, har ana koya mana yadda ake faɗuwa. Shin duk wannan yaudara ce? In kuma yaudara ce, akwai zunubi a cikinta, alhali wasa ne kawai?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta wuce filin ƙwallo. Ta shafi gona da kasuwa da fadar sarki, domin a duk waɗannan wurare akwai mai da'awa, akwai wanda ake ƙara, akwai mai yanke hukunci da abin da idonsa ya gani.

ME KE KAYAR DA ƊAN WASA?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Saboda haka bari mu fara fahimtar wasan.

An ƙirƙiro ƙwallon kwando a Amurka a shekarar 1891. Mutum biyar ke karawa da biyar a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, kwandon kuma yana rataye a tsayin mita 3 da santimita 5. Hanya mafi kusa ta samun maki ita ce ɗan wasa ya kutsa da gudu ta tsakanin masu tsaro, ya yi tsalle, ya ajiye ƙwallo a kwando. A nan ne ake yawan faɗuwa, kuma faɗuwar iri uku ce.

Ta farko ita ce faɗuwar dole. Mai kutsawa yakan tashi sama da ƙafa ɗaya yana cikin gudu, idonsa na kan kwando, hannunsa a miƙe bisa kansa. Mutum kuwa in yana sama ba shi da abin dogarawa. Turin da ba zai motsa shi ba in yana tsaye, in ya same shi a ƙugu ko a kafaɗa yana sama, sai ya karkatar da jikinsa duka, ƙafafunsa su kasa riga shi isa ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsallake ƙorama da damina ɗauke da kaya a ka ya san wannan.

Ta biyu ita ce faɗuwar kariya. Ƙarƙashin kwando wuri ne mai cunkoson ƙafafu, kuma wanda ya sauko daga sama ya taka ƙafar wani yana iya samun targaɗe ko karaya a idon sawu. Wanda kuma ya dira da ƙafa ɗaya a sandare, nauyinsa duka na sauka a gwiwa, jijiya na iya tsinkewa. Don haka ake koya wa ƴan wasa cewa in sun ga saukar ba za ta yi kyau ba, su saki jiki su zauna, su zame a kan daɓen katako mai santsi, ƙarfin gudun ya ƙare a hankali. Mahayin raƙumi ma in ya ga zai faɗi yakan zaɓi yadda zai faɗi. Wannan faɗuwa da gangan ake yin ta, amma babu ƙarya a cikinta, kuma tsare jiki daga cuta abu ne da Shari'a ta yi umurni da shi.

Ta uku ita ce faɗuwar ƙarya. Dokar wasan ta ce in mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa a wuri, mai kutsawa ya zo ya bangaje shi a ƙirji, laifin na mai kutsawa ne. In kuwa mai tsaro ne ya ture mai jifa, sai a ba wanda aka ture damar jifa babu mai tsare shi. To da yake alƙalai na kallon abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, sai wasu suka gane cewa faɗuwa ita ce alamar da ta fi saurin jan usur. Sai mai tsaro ya jefar da kansa baya tun ba a taɓa shi ba, ko mai jifa ya wurgar da kai da hannuwa kamar an mare shi. Abin ya yi yawa har babbar gasar Amurka, wato NBA, ta kafa doka a kakar 2012 zuwa 2013: karo na farko gargaɗi, na biyu tarar dalar Amurka 5,000, na uku 10,000, na huɗu 15,000, na biyar 30,000. A shekarar 2023 kuma aka ƙara cewa alƙali na iya hukunta mai wannan hali nan take a cikin wasa, a ba abokan karawarsa jifa ɗaya.

Ga ido, faɗuwar nan uku kamanninsu ɗaya: mutum ne kwance a ƙasa. Abin da ya raba su shi ne niyya, niyya kuwa mai ita ya san ta, Ubangijinsa ma Ya san ta.

A ƘWALLON ƘAFA ABIN YA FI MUNI

A ƙwallon kwando ƙungiya kan ci maki tamanin ko ɗari a wasa guda, don haka ƙarya ɗaya takan jawo maki ɗaya ko biyu a cikin masu yawa. A ƙwallon ƙafa kuwa ana iya shafe minti 90 a tashi da ci ɗaya tak. Filin ya kai mita ɗari a tsawo, alƙalin tsakiya ɗaya ne, bugun daga kai sai mai tsaron gida daga mita 11 ake yin sa kuma galibi yana shiga, wanda aka ba jan kati kuma ba a maye gurbinsa. Ribar ƙarya ta fi girma, shi ya sa ƙaryar ma ta fi girma.

A ranar 3 ga Satumba 1989, a filin Marakana na ƙasar Barazil, ana wasan neman zuwa Kofin Duniya tsakanin Barazil da Cile, Barazil na gaba da ci ɗaya. Wata ƴar kallo ta jefo abin wuta ya faɗi kusa da mai tsaron gidan Cile, Roberto Rohas. Sai ya zube, aka ga jini ya rufe masa fuska, abokansa suka ɗauke shi suka fice daga fili suka ƙi ci gaba da wasa. Daga baya hotuna suka nuna wutar ba ta taɓa shi ba, shi kuma ya amsa cewa reza ya ɓoye a safar hannunsa ya yanki kansa. Aka ba Barazil nasara, aka hana Cile shiga gasar 1994, shi kuma aka haramta masa wasa, ba a ɗage haramcin ba sai a 2001. Ku duba da kyau: jinin nan na gaskiya ne, jininsa ne, amma da'awar da aka gina a kansa ƙarya ce.

A Kofin Duniya na 2002, a wasan Barazil da Turkiyya, wani ɗan wasan Turkiyya ya bugo wa Ribaldo ƙwallo cikin fushi ta same shi a ƙafa, sai ya faɗi yana riƙe da fuska. Aka kori Baturken. Hukumar FIFA ta ci Ribaldo tarar da ta haura faran 11,000 na Siwizalan, amma sakamakon wasa bai canza ba, kuma Barazil ce ta ɗauki kofin a shekarar. Kafin wannan, a 1986, Maradona ya ci Ingila ƙwallo da hannu, alƙali bai gani ba, sannan ya fito ya jingina abin ga hannun Allah. Tsarki ya tabbata ga Allah daga abin da suke faɗi.

Yau doka ta tanadi katin gargaɗi ga wanda ya yi faɗuwar ƙarya, kuma ana amfani da na'urar sake duba hoto, kamar yadda aka yi a Kofin Duniya na 2018 a Rasha. A gasar nan alƙali ya ba Neyma bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasansu da Kosta Rika, ya je ya duba na'ura, ya dawo ya soke. Amma na'ura na kama wanda aka gani ne kawai, kuma a filayenmu na Madawa da Buza da Keita babu na'ura. Abin da ya rage shi ne tsoron Allah.

BAMBANCIN DABARA DA SHAIDAR ZUR

Wasan motsa jiki halal ne a asalinsa, matuƙar babu caca a ciki, ba a tozarta sallah ba, ba a bayyana al'aura ba. Ya zo cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.), ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Kuma kowane wasan karawa yana da dabara a cikinsa. To ina iyakar dabara, ina mafarin ha'inci?

Mu ɗauki misalin Hakim Olajuwon, Musulmi haifaffen Legas, wanda ya ɗauki kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma aka san shi da yin azumin Ramadan yana cikin gasa. Abin da ya yi suna da shi shi ne ya karkata kafaɗa kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya bi can, shi kuma ya juya hagu ya jefa. Wannan ruɗi ne, amma babu laifi a ciki, domin wanda ya shiga fili ya riga ya yarda da shi. Ya san za a gwada masa dama a bi hagu, shi ma zai yi haka in ƙwallo ta zo hannunsa, kuma a kan haka suka taru. Yardar ɓangarorin biyu ita ta halatta abin.

Alƙali kuwa ba abokin karawa ba ne. An ajiye shi ne domin ya ga abin da ya faru ya ba kowa haƙƙinsa, kuma babu wanda ya yarda a ruɗe shi, ko shi kansa, ko wanda za a hukunta. Wanda ya jefar da kansa ƙasa yana gaya wa alƙali magana ne da jikinsa, cewa: wane ya ture ni. In ba a ture shi ba, ya yi abu uku a lokaci guda. Ya yi ƙarya, domin ishara na tsayawa a matsayin furuci in an fahimci manufarta. Ya yi ƙage ga ɗan'uwansa, ya ɗora masa laifin da bai yi ba. Sannan ya karɓi abin da ba nasa ba ta hannun mai hukunci.

Alƙur'ani Mai girma ya ba mu labarin irin wannan a Suratu Yusuf, aya ta 16 zuwa ta 18, inda ƴan'uwan Annabi Yusufu (A.S.) suka zo wa mahaifinsu da dare da hawaye a idanunsu da riga mai jini a hannunsu. Ba su dogara ga magana kaɗai ba, sun kawo abin da ido zai gani. An ruwaito cewa wata mata ta zo gaban Alƙali Shuraihu tana kuka, sai Sha'abi ya ce yana ganin an zalunce ta, Shuraihu ya tuna masa cewa ƴan'uwan Yusufu ma da kuka suka zo. Tun wancan zamani alƙalan Musulunci suka san cewa hawaye ba hujja ba ne, kuma ƙa'ida ita ce mai da'awa ya kawo shaida, mai musu ya yi rantsuwa.

Wani zai ce: ai alƙali ne ya busa, ni ban tilasta shi ba. Amsar wannan na cikin hadisin Ummu Salama (R.A.) wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce Annabi (S.A.W.) ya sanar da masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wani kan fi wani iya tsara hujja, to duk wanda aka yanka masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, kada ya karɓa, domin guntun wuta ne. In hukuncin Fiyayyen Halitta bai halatta wa maƙaryaci abin da ya karɓa ba, ina ga usur ɗin wani malamin makaranta da aka roƙa ya hura wasa? Kuma Ibnu Abi Zaidin a cikin Risala ya kawo cewa shaidan da ya janye bayan an yi hukunci, ya amsa cewa zur ya yi, shi zai biya abin da shaidarsa ta salwantar.

Ban ce yaron da ya yi birgima a filin unguwa nauyin laifinsa ɗaya da wanda ya yi shaidar zur aka ƙwace gonar marayu ba. Zunubi na girma gwargwadon cutar da ya jawo. Abin da nake cewa shi ne iri ɗaya ne, kamar yadda ɗan tsiron ƙaya da babbar ƙaya suke iri ɗaya.

SHUBUHOHI UKU DA AMSARSU

Shubuha ta farko: ai wasa ne. Amsa ita ce Annabi (S.A.W.) ya kasance yana raha da sahabbansa amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma Abu Dawuda ya ruwaito alkawarin gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da a cikin raha. Sannan wasan da ake sa kofi da kuɗi, ake korar mutum daga fili a gaban jama'ar garinsu, ake tashi da jifa da gaba tsakanin unguwa da unguwa, ya wuce wasa ga wanda aka zalunta. Wasu kan kafa hujja da cewa an halatta yaudara a yaƙi. Haka ne, amma wannan tsakanin Musulmi ne da maƙiyin da ya zo kashe shi. Ƴan ƙungiyar ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku ba maƙiya ba ne, kuma ko a yaƙi ba a halatta warware alkawari ba, dokar wasa kuwa alkawari ce da kowa ya ɗauka da ya shiga fili.

Shubuha ta biyu: kowa na yi, in ban yi ba za a cuce ni. Amsa ita ce yawan masu aikata abu ba ya mai da shi halal, kuma ba kowa ke yi ba. A watan Maris 1997 alƙali ya ba Robi Fawla na Liverpool bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasansu da Arsenal, shi kuma ya tashi yana nuna wa alƙali da hannu cewa mai tsaron gida bai yi masa laifi ba. Alƙali bai janye ba, amma hukumar ƙwallon Turai ta yaba masa. A 2005 Miroslab Kilose na ƙasar Jamus ya gaya wa alƙali cewa mai tsaron gida ƙwallo ya fara taɓawa, aka soke bugun da aka ba shi. Waɗannan mutane ba su karanta Ahlari ko Ishmawi ba. Mu da aka umurta a Suratun Nisa'i, aya ta 135, da tsayar da shaida saboda Allah ko da a kan kawunanmu ne, mu muka fi cancantar wannan hali.

Shubuha ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗan wasa zai ce: Malam, an ture ni da gaske, amma in na daure na tsaya da ƙafafuna alƙali ba zai busa ba, sai wanda ya faɗi ake ba haƙƙinsa. Shin in na faɗi don a ga abin da aka yi mini, na yi ƙarya?

Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma wani ɓangare na laifin yana wuyan alƙalan da suka saba wa mutane cewa ba su jin ƙara sai da ihu. Shari'a ba ta hana wanda aka zalunta bayyana zaluncin ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba shi wannan dama. Abu Dawuda ma ya ruwaito labarin mutumin da maƙwabcinsa ya dame shi da cuta, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da haƙuri, daga baya ya ce ya fitar da kayansa ya ajiye a kan hanya. Mutane suka riƙa tambaya, suna jin dalili suna la'antar maƙwabcin, har ya zo ya ba da haƙuri. Wannan nuni ne ga jama'a, kuma an halatta shi, domin cutar da aka nuna ta faru da gaske, ba a ƙara mata komai ba.

Saboda haka ma'auni shi ne: nuna abin da ya same ka daidai gwargwadonsa halal ne, ƙari a kansa haram ne. Wanda aka ture har ya rasa daidaito ba a ɗora masa ya yi ta faman tsayuwa ba. Yana iya ɗaga hannu, yana iya gaya wa alƙali, shugaban ƙungiyarsa na iya kai kuka. Amma wanda aka taɓa a kafaɗa ya riƙe fuska, ko aka shafe shi ya yi birgima uku, ya nemi a hukunta ɗan'uwansa fiye da laifinsa, kuma wannan ƙarin zalunci ne ko da asalin ƙarar gaskiya ce. In kuwa ka faɗi gaskiya alƙali bai gani ba, ka yi asarar bugu ɗaya, haƙƙinka kuma yana nan a ajiye a wurin da ba a mantuwa.

DARASI DAGA FILIN KOKAWA

Mu mutanen jihar Tawa muna da wasan da ya girmi ƙwallo a ƙasarmu. A garin Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma har yau takobin nan shi ne abin da ƴan kokawar jihohi takwas ke nema. Kokawa na da nata aibobi da muka sha faɗakarwa a kansu, kamar dogaro ga layu da tsafi da sakaci da suturta jiki. Amma akwai abu guda da ta fi ƙwallo: a kokawa wanda ya sha ƙasa shi aka kayar. Babu ɗan kokawar da zai jefar da kansa don a tausaya masa. Za ka ga an ɗaga ƙafar mutum ɗaya sama, yana tsalle da ɗayar, gumi na zuba, ya ƙi faɗuwa, domin ya san mutuncinsa da na garinsu na ga tsayuwarsa.

Masu faɗuwar gangan a filin kokawa su ne ƴan cali-cali, waɗanda ke kwaikwayon ƴan kokawa don ba jama'a dariya. Su ma ba su ruɗin kowa, domin kowa ya san abin da suke yi, kuma ba a taɓa ba ɗan cali-cali takobi ba. Abin takaici shi ne ƴaƴanmu sun koyo daga talabijin da gidajen kallon ƙwallo cewa ana iya yin aikin cali-cali a karɓi ladan gwani.

DAGA FILIN WASA ZUWA FADAR SARKI

Ya ku ƴan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi cewa kururuwa na sayen hukunci, kuma ya ga manya na tafa masa, ba zai bar wannan ilmi a filin ƙwallo ba.

Da kaka, in dabbobi suka shiga gona kafin a saki gonaki, ana kai ƙara gaban mai gari ko sarki, a tura mutane su ƙiyasta ɓarna. Manomin da aka ci masa dami biyu ya ce goma, faɗuwar ƙarya ya yi. Makiyayin da ya rantse garkensa bai bi ta wurin ba alhali ya sani, ko aka kore shi da baki ya ce an sare shi, shi ma haka. Kowace ƙarya irin wannan na rage yardar da ke tsakanin mutane da mai hukunci, kuma in yarda ta ƙare sai kowa ya ɗauki makami ya yi wa kansa hukunci. Ba mu manta abin da ya faru a Bangi, a cikin gundumar Madawa, a watan Nuwamba 2016 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka aƙalla 18. Duk wanda ya tuna wannan rana ya san cewa gaskiya a gaban mai sasanci abu ne da ke tsare jini.

Haka nan a lokacin rabon taimako. A shekarun ƙarancin abinci irin 2005 da 2010, in an zo rubuta mabukata, wanda ya ɓoye awakinsa a gidan maƙwabci, ya ƙara yawan iyalinsa a takarda, ya karɓi buhun da aka tanada domin wata gwauruwa mai marayu wadda kunya ta hana ta kuka. Muslim ya ruwaito hadisin Ƙabisa (R.A.) cewa roƙo bai halatta ba sai ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan wani abu don sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Addini bai ɗauki kwanciya a ƙasa hujja ba, ya nemi a tabbatar. Babbar cutar mai faɗuwar ƙarya kuwa ita ce yana sa a daina gaskata mai faɗuwar gaskiya. Ranar da yaro ya karye da gaske, sai alƙali ya ce masa tashi.

NASIHA

Ga samari: ku yi wasa, ku ƙarfafa jikinku, ku koyi dabara iyakar iyawarku. In an kayar da ku kun faɗi, babu laifi. In kun faɗi don tsare gaɓoɓinku, babu laifi. Amma in ba a taɓa ku ba, ku tashi ku gaya wa alƙali, ko da abokanku za su yi fushi. Wanda kuma ya san ya taɓa cin wasa da irin wannan hanya, ya tuba ga Allah, ya nemi wanda ya yi wa ƙage ya roƙe shi gafara, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Ga masu horar da yara da malaman makaranta: wanda ya koya wa yaro yadda zai ruɗi alƙali yana da kaso a zunubin duk ƙaryar da yaron zai yi da wannan ilmi. Ga ƴan kallo da iyaye: kada ku kira ha'inci wayo, kada ku tafa wa abin da za ku ƙi in an yi wa ɗanku. Ga alƙalan wasa, da masu gari da sarakuna da duk wanda aka ba amanar raba gardama: ku saurari mai magana a hankali kamar yadda kuke sauraron mai ihu, ku ba wanda ya daure haƙƙinsa tun bai faɗi ba, domin in kun yi haka kun toshe ƙofar da ƙarya ke shigowa.

Yaron nan da na ba ku labarinsa na kira shi gefe na yi masa wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, ƙwallon da na ci fa?" Na ce masa wasa ya riga ya tashi, ba a mayar da shi, amma ɗan'uwanka yana nan a bakin masallaci yana sa takalmi, je ka same shi.

Allah Ya sa mu cikin masu gaskiya a zantukanmu da ayyukanmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tabbatar da dugaduganmu a ranar da ƙafafu ke zamewa a kan Siraɗi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah.